Kun Bar Guɗata, Kun Cire Muryar Ƙanena

Zuwa ga Mudirin kamfanin waƙoƙin da ya sake fitar da faya-fayan ƙungiyar Tsatsa, a nan Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk waɗanda ke cin abinci a ƙarƙashinka. Allah ya ƙara buɗi.

Sunana Hajara. An haife ni a unguwar Hindawiyya, a can aka haifi uwata ma, yanzu kuma muna zaune a unguwar Bani Malik. Kakanmu ya zo aikin Hajji daga ƙasar Hausa, bai koma ba. Sana'ata aikin biki ce: ina zuba gahawa, ina zagaya mata da turaren wuta, idan an shigo da amarya ni ke rangaɗa guɗa. Ni ce yayar Haruna, mawaƙin Tsatsa, mutumin da tarihin da kuka wallafa a shafinku bai san da zamansa ba.

Ban ambaci sunan kamfaninka a wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa ba, don ka san kanka, kuma mutanen ofis ɗinka sun san fuskata. Mai gadin ƙofarku har ya daina tambayata wa nake nema. Na rubuta da Hausa ne saboda da Hausa aka yi waƙoƙin, kuma na tabbata akwai mai jin Hausa a wajenku. In babu, wa ya juya muku baitocin Haruna zuwa Larabci layi bayan layi? Wanda ya yi wannan aikin ya karanta maka wannan ma.

Bari in fara da abin da ya hana ni barci, don kada ka ɗauka rigimar kuɗi ce ta kawo ni. Haruna ba ya magana. Ciwo ya kama shi a maƙogwaro shekarun baya, likitoci suka yi aiki suka cire abin da murya ke fitowa daga gare shi. Ya rayu, alhamdu lillahi, yana zaune a gidana shi da matarsa, yana numfashi ta wata ƙaramar kafa a wuyansa, yana rubuta mana abin da yake so a waya. Muryar da ya yi waƙa da ita tana wuri ɗaya tak a duniya, cikin wani ɗan baƙin akwati na ajiyar kwamfuta wanda bai fi tafin hannu ba. Wannan akwatin ma'aikacinka ya fita da shi daga falona, kuma har yau bai dawo ba.

Ni ba masaniyar kiɗan rok ba ce, kar ka ji tsoro. Lokacin da Haruna ya fara, mu a gida cewa muke yi tukwane ne ke faɗa da juna. Marigayiya uwarmu toshe kunne take yi tana cewa wane irin aljani ne ya shiga wannan yaro. Su huɗu ne. Haruna ke rubuta baiti yana rerawa. Majid ke kaɗa jita. Bakur ke riƙe da jitar nan mai kaurin murya. Attayib, ɗan Hausawan Sudan, shi ke dukan ganguna, kuma a wani mustauda, wato ɗakin ajiyar kaya, da yake aiki a unguwar Khumra suke haɗuwa, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, lokacin da ma'aikata ba sa nan. A zamanin ba a yin irin wannan kiɗa a fili kamar yanzu. Su kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, da kuɗin aljihunsu, su tara abokai, su rufe ƙofa, su yi ta ihu har su gaji.

Akwai wata al'ada tamu da dole in bayyana maka, domin a kanta komai ya rataya, ko da yake ina zargin kun san ta fiye da ni. A cikin su huɗun Majid kaɗai ke da jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, kakansa ya samu tun da daɗewa. Sauran ukun da iƙama, takardar izinin zaman baƙo, suke zaune, kamar ni. To mu a unguwarmu, tun muna yara, duk abin da ke buƙatar suna a takarda sunan mai jinsiyya ake sawa. Motar maƙwabcinmu sunan surukinsa ke kanta. Layin wayar gidanmu na farko sunan baban Majid ne. Kowa ya san na wane ne, babu mai musu, kuma kunya ce babba a ce ka nemi mutum ya rubuta maka cewa abinka naka ne. Saboda haka da Tsatsa ta buɗe shafi a intanet, sunan Majid aka sa. Da suka kama istiraha, sunan Majid. Duk wanda ya zo daga waje ya duba takarda, Majid kaɗai zai gani. Yaron nan a tukunyar uwarmu ya girma, Yaya yake kirana. Babu wanda ya taɓa kawo komai a ransa.

Bara, bayan Sallar Layya, Majid ya shigo gidana da wani saurayi mai ƙamshin turare, ya ce sunansa Ustaz Rami, daga kamfaninka yake. Sun zo da dabino da halawa. Ustaz Rami ya zauna ya yabi Haruna har kunya ta kama ni. Ya ce Tsatsa tarihin Jidda ce, ya ce za a wanke tsofaffin waƙoƙin a gyara sautinsu duniya ta ji, ya ce akwatin ba zai wuce 'yan kwanaki a hannunsu ba. Ni dai yabon ya yi mini yawa. Na ce a ba mu takarda cewa an karɓa. Wallahi ka ga yadda fuskar Majid ta canza, kamar na zage shi. Zainab, matar Haruna, ta taka mini ƙafa. Haruna ya rubuta a waya ya nuna mini cewa maganar Majid ta isa. Na zuba musu gahawa, suka tafi da akwatin.

Ga abubuwan da suka biyo baya, ranka ya daɗe. Ka duba su ɗaya bayan ɗaya ka gaya mini ko ni ce mai mugun zato.

Na ɗaya. Shafinku ya ce faifan Tsatsa na farko shi ne wanda Majid ya yi da sababbin mutane, da Larabci da Turanci. Wannan faifai na huɗu ne. Ba ni da ja a kansa, Haruna da kansa ya ɗaga wa Majid kai ya ci gaba da sunan ƙungiyar bayan ya fito daga asibiti. Amma akwai uku kafinsa, kuma ni ba da kalanda nake lissafa su ba, da abin da ya faru a gidanmu nake lissafawa.

Na fari sunansa Ruwan Tanka. Ya fito shekarar da aka yi wa uwarmu aikin ido. Waƙar da ta ba faifan suna a kan jiran motar ruwa aka yi ta, kuma duk ɗan Hindawiyya ya san wannan jira. A ɗakin Haruna aka riƙa buga faya-fayan ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, aka buga hoton bango a shagon kwafin takardu, aka ajiye su wajen mai aski da masu gyaran waya. Uwarmu da bandeji a ido take taya su sawa a leda, tana yi tana mita.

Na biyu sunansa Ɗan Nan Ne. Ya fito makon auren Haruna da Zainab, har abokan ango suka riƙa cusa wa mutane a hannu a wajen walima, dangin amarya suna kallonsu a karkace.

Na uku sunansa Iskar Khumra. Bayan rasuwar uwarmu aka yi shi, waƙar ƙarshe tata ce. A wannan faifan ne ma muka fara jin muryarsa tana dushewa, muka ɗauka baƙin ciki ne.

Ku kuma kun tattara waƙoƙin faya-fayan nan uku, kun watsar da sunayensu, kun zuba su a faifai ɗaya, kun rubuta cewa sababbin waƙoƙi ne da ba a taɓa fitarwa ba. Ba a taɓa fitarwa ba! To me uwarmu ta sa a leda?

Na biyu. Na sa 'yata ta karanta mini duk sunayen da ke jikin sabon faifan, har ƙananan rubutun da ke can ƙasa. Baiti, Majid. Kiɗa, Majid. Murya, Majid. Akwai sunan wanda ya ɗauki hoto, akwai sunan wanda ya zana haruffan bango, akwai Ustaz Rami har wuri biyu. Babu Haruna, babu Bakur, babu Attayib. A can ƙarshe an yi godiya ga abokan unguwa. Mu ke nan, abokan unguwa. Attayib ya koma wajen iyayensa Sudan tuntuni, ba shi da bakin magana a nan. Bakur yana aiki a ƙarƙashin kafili mai zafin rai, uban gidan da iƙamarsa ke hannunsa, ba ya son sunansa ya fito a wata rigima. Haruna ba ya magana. Na zauna na yi tunani, na ga an zaɓi mutanen da za a share da kyau, kuma ban yarda cewa haka kawai ta faɗo ba.

Na uku, kuma nan ne jinina ya tafasa. Ustaz Rami ya gaya mini a waya cewa ba ku taɓa aikin da ke cikin akwatinmu ba. Ya ce sautin ya lalace, don haka Majid ya shiga situdiyo da makaɗa aka sake komai daga farko, sabon aiki ne fil. Na ce to. Na sa 'yata ta kunna mini. Muka ji waƙa ta ɗaya, muka ji ta biyu, ina zaune ina jin baitocin ƙanena suna fitowa da Larabci daga bakin Majid. Da aka zo waƙar Ɗan Nan Ne, kafin jita ta shigo, sai ga guɗa.

Guɗata ce, ya Mudir. Ana gobe ɗaurin auren Haruna suka ɗauke ni a mota har Khumra, da lalle a hannuna bai gama bushewa ba, suka tsayar da ni gaban abin ɗaukar murya a tsakiyar kwalaye suka ce in yi. Na yi sau ɗaya suka ce ta yi tsawo, na sake, a ta biyun dariya ta kama ni a ƙarshe saboda Attayib ya toshe kunne. Da wannan ta biyun suka yi aiki. Ka kunna ka saurara, za ka ji guɗar ta karye a ƙarshe kamar mai shirin tari. Dariya ce. Mata a gidajen biki daga Bani Malik har Khumra suna gane guɗata ta bayan labule, balle ni. Yaushe na shigo situdiyonku na yi muku sabuwa? Wane ne ya zo ya ɗauke ni?

Na kira Bakur na ce ya saurara. Ya ji, ya ce hannunsa ne a jitar, har inda yatsarsa ta zame a waƙa ta uku yana nan. Ya ce gangunan Attayib ne. Shi ya bayyana mini yadda abin yake, ya ce a cikin akwatin kowane sauti layinsa daban, ganga daban, jita daban, murya daban, shi ya sa ake iya zare ɗaya a sa wata a gurbinta. Na tambaye shi, wadda aka zare ɗin ina take zuwa? Ya ce tana iya zama a ajiye, kuma ana iya goge ta da latsa maɓalli ɗaya. Tun daga ranar ban sake samun natsuwa ba.

Kun bar guɗata saboda guɗa ba ta da yare, tana ƙawata faifai, baƙo ya ji ya ce kai, abin gargajiya. Muryar da ke waƙa da Hausa ita kuka cire. In ba haka ba ne, ka gaya mini yadda yake.

Na huɗu. Tsofaffin waƙoƙin suna nan a intanet shekara da shekaru, wasu a shafin ƙungiyar, wasu masoya ne suka ɗora da kansu. Sautin ba shi da kyau sosai, amma muryar Haruna ce. Yakan kunna su da rana in ya dawo daga ganin likita, ya sa abin ji a kunne. Ba a daɗe da fita da akwatin daga gidana ba, tun kafin ku sanar da sabon faifai, sai suka fara ɓacewa. Na shafin ƙungiya suka fara tafiya, kuma ka tuna sunan wa ke kan shafin. Sannan na masoya suka bi. Wani mai gyaran waya a layinmu da ya ɗora guda biyu ya nuna mini saƙon da aka turo masa, cewa mai haƙƙin waƙoƙin ya kai ƙara an sauke su. Sunan kamfaninka ne a wajen mai haƙƙi.

In da gaske sabon aiki kuka yi wanda bai shafi tsohon ba, me ya dame ku da tsohon? Me ya sa aka bi shi lungu-lungu aka share, kuma aka yi sharar kafin sabon ya fito? Ni a aikina, in na ga uwar gida ta kwashe tsofaffin kofuna ta ɓoye kafin baƙi su iso, na san ba ta son a gwada su da sababbin ne.

Za ka ce ai akwai faya-fayan da aka raba wa mutane. Na nema. Namu sun salwanta lokacin da mu da maƙwabta duka muka tashi daga Hindawiyya, an kwashe kaya a gurguje, kwalaye da yawa ba mu sake ganinsu ba. Kwamfutar Bakur ta mutu tuntuni. Faifan da aka buga a gida kuwa ba ya jure zafin Jidda, bayansa ɓarewa yake yi kamar bawon albasa. Na bi tsofaffin maƙwabta ɗaya-ɗaya inda kowa ya watse, har na samo guda wajen ɗan mai askin nan. Ruwan Tanka ne. Yana fara waƙar farko, Haruna ya ja numfashi zai shiga, sai ya maƙale yana ta maimaita wuri ɗaya.

Na biyar. Zuwana ofis ɗinku. Da farko Ustaz Rami ya ce akwatin yana situdiyo, bukra, wato gobe, in sha Allahu. Na dawo, aka ce ya tafi hutu. Na sake dawowa, ya fito da fara'arsa ya ce ma'alesh ya Khala, wato ki yi haƙuri Inna, akwatin ya samu matsala, an kai wa masu gyara. Na ce ko ya mutu a ba ni gawarsa, nawa ne. Ya yi dariya ya ce ina da barkwanci. Daga nan ya daina ɗaukar wayata. Zuwana na ƙarshe wata yarinya ce a teburin karɓar baƙi ta duba kwamfuta ta ce babu wata shaida da ke nuna kamfani ya karɓi wani abu daga hannun wani Haruna, abin da suka sani shi ne mai ƙungiyar ya kawo kayansa da kansa. Ta tambaye ni cikin ladabi ko ina da takarda.

Yana situdiyo, ya lalace, ba a taɓa karɓarsa ba. Labari uku a kan akwati ɗaya. Wanne zan kai wa ƙanena? Kuma ban ga laifin yarinyar ba, abin da aka rubuta mata ta karanta. Amma tambayar takardar nan ta tsaya mini a rai, domin na tuna wanda ya zauna a falona yana murmushi lokacin da na nemi takarda aka hana ni. Ustaz Rami ɗan Jidda ne. Ya san al'adarmu sarai, ya san ba za mu iya neman takarda a gaban Majid ba. Ina zargin shi ya sa ya zo da Majid, bai zo shi kaɗai ba.

Na shida, maganar Majid. Ba na son in zalunce shi a bainar jama'a, yaron da na goya. Ban sani ba ko shi ya kawo muku shawarar, ko ku kuka zaunar da shi kuka ce Hausa ba ta da kasuwa, kuma takarda ta riga ta ba shi komai, me zai tsaya jira. Ban san abin da ya sa wa hannu ba. Abin da na sani shi ne, mutumin da ba ya mako bai zo ya zauna da Haruna ba, tun fitowar faifan ƙafarsa ba ta sake taka gidana ba. Na kira shi, ya ce Yaya abin ya fi ƙarfina, lauyoyin kamfani ne, zan zo mu yi magana. Bai zo ba. Da azumi ya aiko da kwalin kayan buɗa baki ta hannun direba. Na so in mayar, Haruna ya hana ni. Har yanzu in na ambaci Majid da zafi sai ya ɗaga mini hannu. Wannan haƙurin nasa ya fi komai ƙona mini rai.

Hausar Majid ta ji ce, ba ta furtawa ba, kamar yawancin yaranmu na yanzu. Yana jin kowace kalma ta baitocin nan, ya san wacce aka yi wa uwarmu, ya tsaya a maƙabarta ranar da aka binne ta. Na ji waƙar a sabon faifan. An mayar da ita waƙar soyayya, saurayi na kukan budurwar da ta tafi. Subhanallahi! Ko shi ya yi, ko wani ya yi ya ba shi ya rera, ku biyu kuka sani.

Mutane sun ja mini kunne kafin in rubuta wannan. Zainab ta yi kuka ta ce Yaya ki bari, mu ba 'yan ƙasa ba ne, kamfani babba ne, kar a je a taɓa mana iƙama. Wata ƙawata ta ce halas, shi ke nan, ki bar wa Allah. Na bar wa Allah tun ranar farko, kuma barin bai hana ni tambaya ba. Iƙamata lafiyarta ƙalau, ban zagi kowa ba, ban taɓa hukuma ba, abin gidanmu nake nema daga wanda ya ɗauka. In wani ya kira kafilina a kan wannan wasiƙa, to jama'a su shaida daga inda kiran ya fito.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba shi da yawa.

Ka gaya mini gaskiya, da bakinka, ba ta bakin Ustaz Rami ba: layin muryar Haruna yana nan ko an goge? Kalma ɗaya ta ishe ni. In an goge ka faɗa, mu yi kukanmu mu san mun yi. Wannan jiran ya fi mutuwar wahala.

In yana nan, a dawo mana da akwatin kamar yadda aka ɗauke shi. In lauyoyinka sun ce jita da ganga sun zama naku, ku riƙe, Allah ya ba ku sa'a da su. Ku ba mu muryar ko da ita kaɗai ce, babu kiɗa a bayanta.

A gyara tarihin da ke shafinku. A rubuta cewa Tsatsa ta fitar da Ruwan Tanka, da Ɗan Nan Ne, da Iskar Khumra, a jere haka, kafin faifan da kuke kira na farko. A sa sunan Haruna da Bakur da Attayib inda ya dace. Nawa sunan ba na buƙata, guɗar na yafe muku.

A janye ƙarar da ta sa aka sauke tsofaffin waƙoƙin, masu su su mayar.

Ku kuma jama'a da ke karanta wannan, musamman 'yan Hindawiyya duk inda kuka koma, don Allah ku duba tsofaffin kwalaye da aljihun tsofaffin motoci. Duk wanda ya samu faifan Tsatsa mai hoton da aka buga a shagon kwafi, ko ya ƙarje, kada ya yar. Ku tambayi Hajara mai guɗa a kowane gidan biki, za a kawo ku wajena.

Abu na ƙarshe, ya Mudir, shi ya sa na zauna na rubuta wannan bayan na daɗe ina haɗiyewa. Juma'ar da ta wuce ina wanke kofunan gahawa, sai na ji ina rera waƙar uwarmu a cikin raina. Na kai tsakiya kafin in lura da Larabci nake rera ta, kuma muryar da nake ji a kaina ta Majid ce. Na ajiye kofi, na rufe ido, na yi ta ƙoƙarin in jawo ta Haruna, yadda take shiga baitin farko, ta ƙi zuwa. Ni da na ji kukansa ranar da aka haife shi. Na je na same shi a falo na gaya masa, ina tsammanin zai yi mini dariya. Ya daɗe yana kallon wayarsa kafin ya rubuta. Ya ce shi ma haka ne, tun watannin baya, bai gaya mini ba ne don kada in tayar da hankalina. Ya ce ba ya son komai daga wajenku, so yake kawai ya sake ji sau ɗaya, ya tuna yadda take.

Ina roƙon Allah ya sa ka karanta wannan da kanka. Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare dukiyarka daga haƙƙin wani, ya kare ka daga ciwon da ke rufe bakin mutum. Allah ya bar maka muryarka har tsufanka, 'ya'yanka da jikokinka su yi ta jin ta.

Ina jiran amsarka. Shi ma yana jira.

Wassalam.

Hajara, yayar Haruna,
Bani Malik, Jidda.